Tulin ƙarfen da ke bayan shagon Kawu

Shagon tur ɗin kawuna (tur shi ne injin da ke juya ƙarfe ana sassaƙa shi) yana nan Damagaram ɓangaren Sabon Gari, ba zan faɗi layin ba don shi mutum ne da baya son a riƙa nuna shi. Ni ba mai tur bane, aikina daban, amma tun ina ɗan lakwal nake shiga shagon nan ina share masa ƙasa, kuma daga 2023 zuwa yau ni ke riƙe masa kayen lissafi da yamma in na tashi daga aiki. To abin da zan rubuta ɗin nan da idona na gan shi, kuma ina rubutawa ne saboda masu irin wannan shago da yawa a garin nan da Matamaye da Magarya halinsu ɗaya ne da namu na da, kuɗinsu da lafiyar yaransu na nan zube bayan shago suna tsallake su kullum.

Shagon ba babba bane. Tur biyu ne, tsofaffi, ɗaya ya girme ni, sai injin huda, sai dutsen wasa, sai injin sudir, da yara huɗu masu koyo. Aikin da ke shigowa kuwa shi ne aikin da garin ke rayuwa da shi: aks ɗin injin niƙa, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikinsa, da ya cinye, moto-pompar masu garka daga Mirya da Gidimuni, bag da bulon manyan kamiyo, gatarin amalanke, 'yan ƙananan kayan kabu-kabu. In ka duba da kyau sana'ar tur a wurinmu tun asali sana'ar hana zubarwa ce, abin da a wata ƙasa za a jefar a sayi sabo mu nan gyara shi ake yi ya ƙara shekaru. Kuma aikin ƙarfe ba baƙo bane a garin nan, tun zamanin Sarki Tanimun a ƙarni na 19 maƙeran Damagaram ke zuba igwa da hannunsu. Shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo, a ce masu gyaran kayan mutane su ne kuma ke barin ƙasar bayan shagonsu ta mutu.

Bari in faɗi yadda wurin yake a da. Duk abin da tur ya sassaƙo, wanda a shago muke ce ma kopo, wato ɓarɓashin nan da ke fita yana nannaɗewa kamar gashi, wuri ɗaya ake zuba shi. Na baƙin ƙarfe, na ƙarfen zubi, na alminiyum, na tagulla, har da guntayen bagetin sudir da tsummoki da ledar ruwa, duk yaro ya kwashe da shebur ya watsa bayan shago. Tulin ya kai ƙugun mutum. Abin da ake sanyaya wuƙar tur da shi kuma baƙin man bidanji ne da ake karɓowa kyauta daga garajin maƙwabta, a zuba a gwangwani, yaro na tsaye yana ɗiga shi da tsinke ko ya shafa da tsumma, hayaƙi na tashi yana shiga hancinsa. Man nan shi ke bin kopo ɗin zuwa tuli, daga tuli ya tsiyaye cikin ƙasa. Ƙasar wurin ta koma baƙa ƙirin tana danƙo, ko ciyawar damina bata fitowa. In aka yi ruwan sama kuma sai ka ga ruwan da ke gangarowa yana wani sheƙi kala-kala, ya bi rariya ya nufi tabkin unguwa inda yara ke wanka dabbobi ke sha. Wanda ya san Damagaram ya san mene ne ruwa a wurinmu, gari ne da ke zaune kan dutse, ruwan pampo daga nesa ake jawo shi, su Gogo-Macaya da Arunguza da Ganaram, kuma duk bazara sai kaga layin bido da 'yan ga-ruwa. Garin da ke wannan wahala ba shi da ruwan da zai ɓata.

Babu wanda ya damu sai da abubuwa suka haɗu mana lokaci ɗaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka sa ma ƙasa takunkumi, farkon Agusta Najeriya ta yanke kuran, kuma a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga can take zuwa, mu nan gabas ta layin Katsina zuwa Gazawa. Iyaka kuma aka rufe. Ƙarfen da Kawu ke sarowa daga Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, ya daina zuwa yadda aka saba, wanda ya samu shigowa ta ɓarauniyar hanya kuma tsadarsa sai wanda ya gani. Kuran ya zo awa kaɗan ya tafi, gurup kuma gazuwal yake sha ba ruwa ba, duk da matatar mai ta SORAZ na nan kusa da mu hanyar Tanut tun 2011 ai ba kyauta take ba mu ba. Cikin wannan hali ne Kawu ya kira mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo ya kwashe tulin ko a samu na cefane. Mutumin ya zo, ya sa ƙafa ya tona, ya ɗebo da hannu ya duba, ya ce Alhaji wannan ai ba kaya bane shara ce, in zan ɗauka sai a farashin ƙarfe mafi arha kuma sai na cire nauyin mai da ƙasa. Ina tsaye ina kallon tagulla na walƙiya cikin tulin, tagullar da kilonta ya ninka na baƙin ƙarfe sau da yawa, za ta tafi a kuɗin tsatsa.

A satin nan kuma ƙaramin yaran shagon, ɗan shekara goma sha biyar haka, ya kasa riƙe cokali da hannunsa. Bayan hannun da tsakanin yatsu duk ya tsage ya yi ƙuraje masu baƙin kai, yana ɓoyewa cikin aljihu don kada a ce ya zauna gida. Uwarsa ce ta zo da kanta, ta tsaya bakin ƙofa bata shigo ba, ta gaida Kawu cikin ladabi ta ce Alhaji amana na ba ka, dubi hannun ɗanka. Kawu bai iya ce mata komai ba sai haƙuri. Da aka kai shi likita aka ce man da yake wuni a ciki ne, kuma aka gaya mana baƙin man mota da ya gama aiki yana ɗauke da dattin ƙonewa da ƙurar ƙarafa, in ya daɗe yana taɓa fata ba ƙuraje kaɗai ba har cutar daji ta fata yana iya jawowa. Daren nan bayan isha'i Kawu ya ce mini ɗan nan, kai da ka yi boko, zauna ka duba mini inda muke yoyo.

Ban zo da wata dabara daga waje ba. Kaye na saya da bik, na ce wata ɗaya za mu rubuta komai: wane ƙarfe aka yanko, kaurinsa nawa, abin da aka fitar kaurinsa nawa, minti nawa moter ya yi yana juyi, sau nawa aka sake aiki saboda ya ɓaci. Yaran suka ɗauka leƙen asiri nake musu, sai da Kawu ya rantse musu ba wanda za a kora.

Abin da ya fi girgiza Kawu lissafi ne ɗan ƙarami. Sau da yawa kiliyan zai kawo aikin da ke son sanda mai kaurin milimita 30, yaro ya duba bai ga mai kusa da haka ba, ko ya ƙi wahalar nema cikin tarkace, sai ya ɗauko mai 50 ya ɗaura a tur ya yi ta sassaƙa. Na zauna na buga masa a gabansa, 30 sau 30 ɗari tara, 50 sau 50 dubu biyu da ɗari biyar, wato abin da ya rage a hannunka kashi 36 ne cikin 100, kashi 64 ya zama kopo. Ƙarfen da ka saya da kuɗi, ka biya mota ta kawo, ka ƙona kuran ka cinye wuƙa, duk don ka mayar da kusan kashi biyu cikin ukunsa shara. In da mai 35 aka ɗauko, kashi 27 kacal zai tafi. Kawu ya shekara fiye da talatin yana wannan aiki, ya san abin a hannunsa, amma bai taɓa ganinsa a lamba ba. Ya karɓi kayen ya daɗe yana kallo sannan ya ce innalillahi.

Daga nan aka fara, kuma abin farko shi ne rabewa. Muka samo tsofaffin tono huɗu aka yanke su biyu, kowanne aka shafa masa fenti kalarsa daban saboda biyu cikin yaran basa karatun boko: baƙin ƙarfe, ƙarfen zubi, alminiyum, tagulla. A faɗe abu ne mai sauƙi amma a aikace nan ne wahalar take, don kopo ba a tono yake gauraya ba, tun a tiren da ke ƙarƙashin tur yake haɗuwa. In ka gama aks na ƙarfe ka ɗaura bag, wato zoben da aks ke juyawa a ciki, na tagulla ba ka share tire ba, shikenan an gama. Sai Kawu ya kafa doka, ba a canza irin ƙarfe sai an share tire tas da buroshi, kuma don kada sharar ta yi yawa sai aka koma tara aiki iri ɗaya, aikin tagulla duk a yi shi a jere, na alminiyum a jere. Muka ciro mayen ƙarfe daga cikin wata tsohuwar sifika aka ɗaure shi a sanda cikin leda, a bi kan alminiyum da tagulla da shi, duk ɗan baƙin ƙarfen da ya ɓuya sai ya manne, a zare ledar ya zube. Tsohon tulin ma haka muka bi shi, yaran unguwa muka ba 'yan kuɗi da takalma suka taya mu, sati biyu ana yi, an ceto abin da aka ceto, na ƙasa kam ya riga ya zama tsatsa da laka.

Kowane tono an huda gindinsa an ɗora shi kan bulo biyu da faranti a ƙasa, kopo ya kwana yana tsiyaye mai. Man da ya taru a tace da tsumma a mayar bakin aiki, kopo kuma ya fita a bushe. Mai sayen ƙarafan nan da ya ce shara ce, shi ne yanzu ke bugo waya yana tambaya ko tagulla ta taru.

Maganar mai ita ce ta fi cin lokaci da gardama. Kawu ya hana bidanji shiga shagon gaba ɗaya, aka koma man nan da ake damawa da ruwa ya yi fari, yaran na ce masa madara. Kuɗi ne, ba kamar bidanji na kyauta ba, kuma watan farko mun yi ɓarna don bamu iya ba. Wani abokina da ke koyarwa a cibiyar koyon sana'a shi ya zo ya nuna mana: mudu ɗaya na mai cikin kamar mudu ashirin na ruwa, kuma man ake zubawa cikin ruwa ana motsawa, in ka zuba ruwa cikin mai baya haɗuwa da kyau. Ya kuma gaya mana abin da ya sa tankin madarar ke warin ruɓaɓɓen ƙwai ranar Asabar da safe bayan hutun Juma'a, ashe man shafa injin ne ke ɗigowa ya yi yanar a saman madarar ya toshe iska, ƙwayoyin cuta su samu wurin hayayyafa a ƙasa. Maganinsa a riƙa yaɗe yanar nan kullum da safe kafin a tada injin, da takardar kwali ma ana yi, a kuma tace ɓarɓashi kada ya kwanta a gindi. Ga zafin garinmu, watan Afrilu da Mayu ana wuce digiri 40, ruwan na tashi ya bar mai ya yi kauri, don haka ƙari da ake yi sai ya zama mai ruwa-ruwa ba mai kauri irin na farko ba. Da muka kiyaye waɗannan sai madara ɗaya ta riƙa daɗewa sosai kafin a canza.

Amma abin da na fi so a nan shi ne gano cewa rabin aikin ma baya son komai. Ƙarfen zubi a bushe ake yankansa, shi da kansa yana da wani baƙin gari a jikinsa da ke sa wuƙa ta zame, in ka zuba masa ruwa ma laka kawai kake haɗawa. Tagulla ma mafi yawa a bushe take tafiya. Shekara da shekaru yara na shafa musu baƙin mai don haka suka tarar ana yi. Inda ake buƙatar ɗan mai kuma, kamar yanka zare, sai Kawu ya rataya wata 'yar roba da siririn tiyo irin na ƙarin ruwa, tana ɗigo ɗaya-ɗaya daidai bakin wuƙa. Manyan masana'antu a Turai suna da na'ura ta musamman mai fesa ɗan mitsitsin mai da iska don su rage ambaliyar ruwan sanyaya, tamu ba ta kai can ba amma tunanin ɗaya ne, a sa kaɗan a inda ya dace.

A nan na yi wani kuskure da ya kamata in faɗa don kada wani ya maimaita. Da na ga hannun yaron nan sai na je kasuwar Dole na sayo safar hannu na raba musu, ina ganin na yi abin kirki. Kawu na shigowa ya ga babban yaron a kan tur da safa, wallahi ban taɓa jin ya daka tsawa irin ta ranar ba, ya kashe injin da kansa. Ya ce ɗan nan, tur in ya kama safa ba safar zai ɗauka ba, hannun zai naɗe har kafaɗa. Safa sai wajen ɗaukar ƙarfe da sudir da kwasar kopo in injin na tsaye, a kan abin da ke juyawa kuwa haram, haka riga mai faɗin hannu da zobe. Abin da ya kare hannun yaran a ƙarshe shi ne cire bidanji, da ƙugiya ta jawo kopo maimakon yatsa, da bokitin ruwa da sabulu a bakin ƙofa, da hana su wanke hannu da esansi wanda shi ma ke busar da fata ya tsaga ta.

Guntayen ƙarfe kuma aka yi musu kanta a bango, an jera su bisa kauri an rubuta lamba da alli, kafin a yanka sabuwar sanda sai an duba kanta. Tsofaffin aks na mota da kiliyan ke bari, waɗanda ƙarfensu mai kyau ne ƙwarai, suka zama jari. Sannan Kawu ya ƙara ƙarfi wajen ciko, wato aks in wurin zaman rulma ne kawai ya cinye, ba sai an sassaƙa sabo ba, a cike wurin da sudir a mayar tur a dawo da shi ma'auninsa. Ƙarfe kaɗan, kuran kaɗan, kiliyan ya biya kaɗan. Sai dai ba kowane ƙarfe ke karɓar haka ba kuma mun sha kunya sau ɗaya. Wani mai injin niƙa daga ƙauye aka yi ma ciko a kan ƙarfe mai tauri, yaron bai ɗumama shi ba kafin sudir kuma da ya gama ya tsoma shi a ruwa don sauri, ko sati biyu bai yi ba ya karye daidai gefen cikon, mata na layi da hatsinsu. Mutumin ya zo ransa a ɓace kuma yana da gaskiya. Kawu ya yi masa sabo kyauta ya biya masa kuɗin mota. Tun ranar ƙarfe mai tauri sai an gasa shi tukun, in an gama a binne shi cikin toka ko busasshen yashi ya huce a hankali, wanda kuma ake shakka a kansa a gaya ma mai shi gaskiya a yi sabo.

Wajen kuran ba wani abin mamaki muka yi ba. Kayen ya nuna moter na juyi a banza lokaci mai yawa, yaro na aune-aune ko ana ciniki da kiliyan ko an tafi neman kile, injin na ta gurnani ba ya yankan komai. Aka ce in za a daɗe a kashe. Aka koma shirya komai tun kuran bai zo ba, a auna, a yanka da zarto, a wasa wuƙaƙe a jere, yana zuwa sai yanka kawai. Na so ƙwarai mu sa tur a kan panon rana, rana kam Allah ya ba mu, amma da aka yi mana lissafi abin ya fi ƙarfinmu, don irin wannan moter lokacin tashi yana jan wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ci in ya daidaita, na'urar da za ta ɗauki wannan da batiranta kuɗinsu ya kusa sayen wani tur. Sai muka tsaya a ƙaramin pano na fitilu da panka da cajin waya. An ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, kuran da iyaka suka dawo a Maris, na ji tsoron za a koma gidan jiya amma Kawu bai bari ba.

Sai batun masu zuba tukwane, wanda har yau bai kwanta mini ba. Da alminiyum ɗinmu ya fara fita tsaf, wani dattijo mai zubin tukunya da ludayi, abokin Kawu tun suna samari, ya ce a riƙa ba shi. A fuska abu ne mai kyau, sake narka alminiyum kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai yake ci na wutar da ake ƙonawa wajen fitar da sabo daga ƙasa, kuma a digiri 660 yake narkewa, gawayi da zuga-zugi sun isa, ba kamar baƙin ƙarfe ba da ke neman wajen 1500. Mun fara ba shi. Ya koya mana abubuwa ma, ya ce kopo in an watsa shi haka a wuta rabi ƙonewa yake ya zama toka saboda siririntakarsa, sai an danne shi ya zama dunƙule, sai muka yi ɗan mazubi da guntun tiyo muna matse shi da jak ɗin mota. Ya kuma ja mana kunne kada mu kuskura mu kawo masa mai damshi, ruwa in ya shiga ƙarƙashin narkakken alminiyum fashewa yake ya watso ma mutum a fuska.

To amma ni abin da ya tsaya mini, alminiyum ɗin da muke sassaƙa na jikin injin ne, fisto da kaskon moter da abin da bamu san haɗinsa ba, kuma tagullar da ake yi don tur sau da yawa ana sa mata dalma kashi 2 zuwa 3 cikin 100 don ta yi daɗin yanka, mayen ƙarfe kuma baya kama tagulla balle ya tsince ta. Ɗan abin da ya tsere ya shiga tukunya, tukunya ta shiga gida, a dafa miyar yakuwa ko tsamiya mai tsami a ciki shekara da shekaru. An yi bincike a Kamaru aka fitar a 2014, aka samu tukwanen da ake zubawa da tarkacen alminiyum suna sakin dalma cikin abin da aka dafa. Kuma mu nan ba mu manta Zamfara ba, 2010, yara fiye da 400 dalma ta kashe, duk da can ta hanyar haƙar zinariya ce, amma gubar ɗaya ce kuma yara ta fi kamawa, tana taɓa ƙwaƙwalwa ba a gani. Na kai ma Kawu maganar, ya yi kwana biyu bai ce komai ba, sannan ya je da kansa ya samu dattijon. Ina wurin. Dattijon ya ji zafi sosai, ya ce Alhaji shekara arba'in ina zuba tukunya, tuwon gidanka ma a tukunyata ake tuƙa shi, yau ni za a ce ina sa ma mutane guba. Kawu ya ce Malam ba kai ba, kayana ne ban yarda da su ba, ban san abin da ke cikinsu ba kuma bana son in tsaya gaban Allah da shi. Suka rabu ba daɗi, wata guda ba ya zuwa shan shayi. Daga baya aka samu mafita rabi, yana karɓar kopo ɗinmu amma ya zuba mana shi dunƙule-dunƙule da fulin injin da murfin pampo, mu saya mu sassaƙa, ba ya shiga kayan abinci. Na ce rabi saboda shi da sauran masu zubi suna nan suna sayen tarkace daga wasu wurare, kuma ba mai na'urar auna dalma a cikinsu, ba kuma laifinsu bane su kaɗai.

Ribar da aka samu ba zan ƙara mata gishiri ba. Kuɗin kopo da aka rabe yanzu yana biyan madara da sabulu har a samu ragowar da Kawu ke raba ma yaran in an sayar, wannan rabon ne ma ya sa suka riƙe dokar da gaske, don da farko in Kawu ya fita sallah sai a koma watsawa wuri ɗaya. Sayen sabon ƙarfe ya ragu a kaye ƙarara. Hannun yaron ya warke, tabon na nan, yanzu shi ke haɗa madara kuma ba ya yarda kowa ya taɓa masa mudunsa. Wuƙaƙen ƙarfe ana wasa su kafin su dakushe gaba ɗaya, don dakusasshiyar wuƙa ita ke cin kuran ta ƙona aiki, kana gani kopo na fita shuɗi ka san zafi ya yi yawa. 'Yan haƙoran nan masu tsada da ake ɗaurawa a bakin wuƙa kuma, da in sun gutsure jefarwa ake, yanzu gwangwanin madara muke tara su, ɗauki ka ji nauyi, sun kusa ninka ƙarfe, ma'adinin da ke cikinsu kusan kashi 80 cikin 100 na duniya daga Sin yake fitowa kuma ana sake sarrafa shi. Mai sayensu ne bamu samu ba tukun a nan, gwangwani na biyu ya kusa cika.

Abin da ya gagare mu shi ne madarar da ta mutu. Komai daɗewarta wata rana sai an canza, kuma ba wurin da ake karɓar irin wannan a kusa da mu. Abin da muke yi, a zuba a faffaɗan rabin tono a rufe da raga saboda awaki da kaji, rana ta shanye ruwan, kaurin da ya rage a ɗura a bido a toshe. Bido uku ke jingine a lungu yanzu. Wani ya ce mu ba masu shafa ma katako saboda gara, wani ya ce a zuba a masai yana kashe sauro, Kawu ya ƙi, ya ce daga masai ina zai tafi in ba ƙasa ba. Garajin maƙwabta kuma da muka daina karɓar bidanjinsu, na leƙa na ga a rariya wani lokacin yake ƙarewa, na yi ma mai garajin magana sau biyu ya ce to in kawo masa inda zai kai.

Inda tulin yake a da mun kankare baƙar ƙasar muka zuba a buhuna, da aka zo yin daɓen siminti a cikin shago aka binne ta ƙarƙashi, muka kawo jar ƙasa amalanke uku aka cike ramin. Daminar farko ba abin da ya fito. Ta biyu tafasa ta ɗan tsiro a gefe-gefe, tsakiyar kam har yanzu fili ne. Ƙaramin yaron ya dasa bedi a wurin ya kewaye shi da tsohuwar taya, na farko ya bushe, ya sake dasa wani, kullum in an tashi yana juye masa ragowar ruwan buta.